Tasa Mai Huji Da Ƴar Ƙwaƙwalwa

Mai karatu, in ka kwana Tasawa ko Mayahi cikin ƴan shekarun nan, ka ga fitilun bakin hanya masu aiki da hasken rana. Da magariba ta yi sai su kama da kansu, ba wanda ya taɓa su. Da gari ya waye sai su mutu. Akwai ma waɗanda ke rage haske in dare ya raba, don tattalin batir. Je ka shagon mai sayar da ƙanƙara, ka tsaya har a ɗauke wuta a maido. Fitila za ta kama nan take. Amma in firjinsa yana da akwatin kariya, sai ya dakata kamar minti uku kafin ka ji gurnaninsa. Je ka wurin famfon ƙauye mai shato. In ruwan ƙasa ya ja baya, inji yana tsayawa, ya jira, sa'an nan ya sake tashi.

Wa ke kunnawa? Wa ke kashewa? Wa ke ƙidayar mintocin nan?

Cikin kowane ɗayansu akwai wani ɗan akwati mai tsaron lokaci. Iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗa da kayan ɗai-ɗai, kowane guntu da aikinsa, mai gyara yana ganinsu da ido. Akwai kuma wanda aka danƙa wa wata ƴar ƙwaƙwalwa, wadda masana ke kira mikrokwanturola. Wata rana kwamitin ruwa na garinku zai zauna, ga kuɗin jama'a cikin asusu, mai haɗa kaya ya tambaya: wanne za a sa? In aka zaɓa ba bisa sani ba, famfo yana iya yin wata guda a tsaye tsakiyar bazara, mata su koma jan guga. Shi ya sa ya kamata ka san inda iri biyun nan suka fito.

Tun ba a san agogo ba

Kakanninmu sun san lokaci ba tare da agogo ba. Ladan yana auna inuwa da taki ya san azahar da la'asar. Zakara yana faɗin asuba, gamzaki ma haka. Wannan ya isa ga salla, ya isa ga noma. Inda bai isa ba shi ne inda mutane da yawa ke rabon abu guda. A arewacin Mayahi, inda rijiyoyi ke da zurfi har sai an sa sa ko raƙumi ya ja wasaki, kowa ya san gardamar da ke tashi ran da garke uku suka haɗu bakin rijiya ɗaya. "Hantsi ya yi" ba ta raba gardama, don hantsin mai sha da na mai jira ba ɗaya ba ne.

Mutanen Gadamas sun sha irin wannan matsala. Gari ne cikin hamadar Libiya, wanda fatakensa suka daɗe suna zuwa Kano da Damagaram. Lambunan dabinonsu sun dogara ga wata maɓuɓɓuga da ake kira Ainul Faras. Ga dabarar da suka yi don rabon ruwanta. Sun samo tasa mai ɗan huji a gindi, sunanta kadus. Aka naɗa mutum guda ya zauna bisa hanyar ruwan. Ya cika tasa, ya bar ta ta tsiyaye. Da ta ƙare sai ya ƙulla ƙulli ɗaya a ganyen dabino, ya sake cikawa. Kowane mai lambu yana da adadin tasoshinsa. In ƙullinsa ya cika, sai a toshe hanyarsa a buɗe ta maƙwabci.

Riƙe abu biyu daga wannan labari, don za mu koma gare su. Na farko tasar. Ita ba ta san kome ba sai tsiyaya, kuma ɗan lokaci kaɗan take iya aunawa. Na biyu mai ƙulli. Shi ke ƙidaya, shi ya san rabon kowa, shi ke cewa a buɗe ko a toshe.

Zamanin ƙarfe

Da wutar lantarki ta bazu a duniya, sai aka nemi abin da zai maye hannun mutum wajen kunnawa da kashewa. Tun wajen 1835 wani malami a Amurka, Joseph Henry, ya nuna cewa ƴar wuta kaɗan tana iya zama maganaɗisu, ta jawo wani ɗan ƙarfe, shi kuwa ya rufe hanyar babbar wuta. Abin da masu gyara ke kira rele ke nan. Har yau yana nan cikin mota da firji da akwatin famfo. In ka ji "ƙyas" kafin inji ya tashi, shi ne.

Rele hannu ne kawai, sai an gaya masa lokaci. Masu gaya masa na farko duk na ƙarfe ne. Ka san maɓallin nan na wasu fankoki, wanda ake murɗawa, ya yi ta ƙas-ƙas yana komawa baya har ya kashe fanka. Cikinsa waya ce a naɗe, irin ta agogon da ake yi wa wani da mabuɗi. Akwai kuma na siginar tsofaffin motoci. Ƙarfe biyu ne daban-daban aka manne su. In wuta ta bi, suka yi zafi, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, sai su lanƙwashe, hanyar wuta ta yanke. Da sun huce sai su koma, fitila ta sake kamawa. Wani maƙerin agogo na Ingila, John Harrison, shi ya fara amfani da ƙarfe biyun nan, cikin agogon da ya gama wajen 1759.

Wani irin kuma yana nan kasuwa har gobe. Faifai ne mai zagayawa sau ɗaya cikin awa 24, da ƴan haƙora a bakinsa, galibi kowane haƙori minti 15. Ka danne haƙoran lokacin da kake son wuta, ka bar sauran. Ko wanda bai yi karatu ba yana gane shi da kallo ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai an yi shi don ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Mai araha daga cikinsu, da kuran ya tafi sai faifan ya tsaya. In aka ɗauke awa uku, agogonsa ya makara awa uku, kuma haka zai yi ta tafiya har wani ya gyara masa zama da hannu. Kamfanin NIGELEC ya kafu a 1968. Wutar yankinmu da yawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba ka manta da 2023 ba, shekarar da aka yanke ta wata da watanni. Faifai mai haƙora ba ya jimre wa irin wannan.

Lamba 555

A 1947 aka ƙago taransisto a Amurka. Ɗan abu ne mai ƙafa uku, yana buɗe hanyar wuta yana rufewa ba tare da wani abu ya motsa cikinsa ba. Shi ya sa rediyo ta ƙanƙance, ta koma cin batir, ta shigo ƙauyukanmu. Tare da ita aka sami masu gyaran rediyo, da teburinsu da ƙarfen lika da dalma. A wurinsu mutanenmu suka fara jin sunan kwandansa da rezista.

To, ga tasar Gadamas ta dawo. Kwandansa tasa ce ta wuta: tana cika, tana tsiyayewa. Rezista kuwa shi ne hujin. In hujin ƙarami ne, ko tasar babba ce, sai lokaci ya yi tsawo. Abin da ya rage shi ne mai kallon tasa, wanda zai ce wa rele "ta cika". A 1971 wani injiniya ɗan asalin Suwizalan, Hans Camenzind, ya tsara wannan mai kallo don kamfanin Signetics na Amurka. Aka fara sayar da shi a 1972, aka ba shi lamba 555. Baƙi ne, bai fi ƙwayar wake ba, ƙafarsa takwas, cikinsa akwai taransisto ashirin da ƴan kai. An ƙiyasta cewa a 2003 ana ƙera wajen biliyan ɗaya kowace shekara. Camenzind ya rasu a 2012, amma 555 yana nan.

Me ya sa ya daɗe haka? Don ba shi da sirri. Kamfanoni da yawa suna yinsa, kuma kowanne yana shiga gurbin ɗan'uwansa. Wanda aka sayo Maradi da wanda aka sayo Sabon Garin Kano duk aikinsu ɗaya. In ya ƙone, mai gyaran rediyo ya cire shi ya lika wani, shi ke nan. In kana son ƙarin lokaci, a sake rezista ko kwandansa. Don aiki irin na firji, wato "jira minti uku sa'an nan ka kunna", ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba. Haka aikin babban injin niƙa mai wuta, wanda ake tayar da shi sannu na ƴan daƙiƙoƙi kafin a sakar masa cikakken ƙarfi. Ɗan akwatin jira mai sauƙi ya ishe shi.

Amma tasa tasa ce. Manyan kwandansa ba su cika daidai da abin da aka rubuta jikinsu ba. Bambancin yana kai kashi 20 cikin 100. Yi lissafi da kanka. Bisa minti uku, kuskuren bai fi rabin minti da kaɗan ba, firji bai damu ba. Bisa awa goma, kuskuren awa biyu ne. Kuma babbar kwandansa tana yoyo a ɓoye, kamar sabon tulu. In hujin da ake cika ta ya cika ƙanƙanta, abin da ke yoyewa ya kai abin da ke shiga, ba za ta taɓa cika ba. Ga kuma zafi. Akwai ɗan ruwa cikin irin wannan kwandansa, zafi yana busar da shi. Masu ƙera ta suna lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. A nan kuwa, Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da aka rataye a rana.

Mai ƙulli ya shiga akwati

Cikin waɗannan shekaru dai aka sami ɗaya hanyar. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai batir. Cikin irinsa na yau akwai wani ɗan dutse mai rawa sau 32,768 cikin daƙiƙa ɗaya, ba ƙari ba ragi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Agogon yana ƙidaya rawar, ya fitar da daƙiƙa. Shi ya sa agogon da ka saya da araha ran kasuwa bai cika yin kuskuren da ya wuce minti ɗaya a wata ba.

A 1971 injiniyoyi biyu na kamfanin Texas Instruments, Gary Boone da Michael Cochran, suka haɗa mai lissafi da wurin ajiyar umurni cikin ɗan guntu guda. A 1974 aka fara sayar da irinsa da sunan TMS1000. Ƴar ƙwaƙwalwa ke nan. A ido ba ta da bambanci da 555, sai dai yawan ƙafafu. Bambancin yana ciki. Ita mai ƙulli ce. Tana ƙidaya ba ta gajiya, awa ko kwana ko shekara duk ɗaya gare ta. Kuma tana bin umurnin da aka rubuta mata: "In rana ta faɗi, kunna. Bayan awa biyar, rage haske. In batir ya yi ƙasa, kashe, ko da lokaci bai yi ba." Kana iya haɗa wannan duka da kayan ɗai-ɗai, amma sai akwatin ya cika maƙil, kuma kowane guntu da aka ƙara wata ƙofa ce ta lalacewa. In aka so sake lokaci, ita ba a cire mata kome. Umurnin ake sakewa.

Da fari tana da tsada, rubuta mata umurni kuma sai manyan injiniyoyi. Yanzu ta yi araha. Ita da 555 in ka haɗa ba su kai kuɗin kaza ba. A 2005 wasu malamai a garin Ivrea na Italiya suka fito da wani ɗan allo mai suna Arduino, don ɗalibai su koyi rubuta umurni cikin sauƙi. Yau saurayi mai kwamfuta da ƴar waya yana iya koyon abin cikin ƴan makonni.

Ga inda gizo ke saƙa. Sabuwar ƴar ƙwaƙwalwa da aka sayo kasuwa fanko ce, kamar allon da ba a yi wa rubutu ba. In ta cikin akwatinku ta ƙone, mai gyara ya lika sabuwa mai lamba iri ɗaya, ba abin da zai motsa. Umurnin ya tafi tare da tsohuwar. Kamfanoni da yawa kuma suna kulle shi don kada a kwafa. Ke nan gyaran ya bar hannun mai gyaran garinku, ya koma hannun wanda ya riƙe umurnin, ko yana Yamai, ko yana Sin.

Abin da famfunan rana suka koya mana

Kada ka yi saurin cewa, to ai kayan da ido ke gani sun fi. Tarihin ƙasarmu bai ce haka ba kai tsaye.

A Tasawa aka haifi Abdu Mumuni Diyofo, ran 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa, ya duƙufa ga binciken ƙarfin rana. A 1964 ya wallafa littafi bisa ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunan iyayensu, abin da ya shafe ka kai da ke karanta wannan da Hausa. An kafa ma'aikatar ƙarfin rana ta ƙasa, ONERSOL, a 1965, shi kuwa ya shugabance ta daga 1969 zuwa 1985. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Burinsa shi ne a ƙera kayan rana a gida. ONERSOL ta ƙera na dafa ruwan wanka, da na tace ruwa, da murhun rana.

A zamanin nan hanya biyu ke tsere wajen jawo ruwa da rana. Ɗaya ta zafi ce: rana ta dafa wani ruwa, tururinsa ya tura inji. An kafa irin wannan famfo a Bosse Bangu kusa da Yamai a 1969. Duk ƙarfe ne da bututu, makaniki yana ganin kome. Ɗaya hanyar ita ce pano, farantin nan mai maida haske wuta. A 1968 an riga an kunna talabijin ɗin wata lakwal kusa da Yamai da pano. A 1977 wani fada mai suna Bernard Verspieren ya fara kafa famfuna masu pano a Mali. Ba maƙerin da zai iya ƙera pano, ba mai gyaran da zai iya buɗe shi. Amma shi ya ci tseren. Dalili, ba abin da ke motsi cikinsa, yana shekara ashirin yana aiki, ba ya bukatar kome sai a share masa ƙura. Injunan zafi kuwa nauyi gare su, gaɓoɓinsu da yawa, kullum suna neman gwani, gwanin kuma ba ya kusa.

Sa'an nan dubi famfunan hannu da na taka-taka da aka kakkafa tsakanin 1981 da 1990, shekaru goman da duniya ta keɓe don ruwan sha. Ba abin da ya fi su sauƙi. Duk da haka da yawa sun tsaya, wani lokaci don ƴar roba guda da babu ita kusa. Inda aka horar da mai gyara, aka ajiye kayan canji a shago, jama'a kuma suka tara asusu, nan ne suka daɗe. Daga baya, cikin shekarun 1990, ƙungiyar CILSS da taimakon Turai ta kafa famfunan pano a ƙasashen Sahel, har da Nijar. Su ma pano ɗin bai cika ba da wahala ba. Akwatin da ke tsakanin pano da inji shi ne wanda in ya mutu sai an jira na nesa.

Saboda haka tambaya biyu ce tarihi ya bar mana, kuma dole a yi su tare. Sau nawa abin zai lalace? In ya lalace, kwana nawa kafin ya tashi?

A bakin shato

Mu koma ga zaman kwamiti. Abu na farko, kuma wanda aka fi mantawa: ba kowane aiki ke bukatar lokaci ba. Wani zai ce a sa agogo ya kashe famfo bayan awa shida, don lokacin shato ya cika. Amma ran da aka yi hazo ko hadari, awa shida ba ta cika shi. Ran da ba a ɗibi ruwa da yawa ba, ya cika tun awa uku, sauran ya zuba ƙasa. Abin da ya dace shi ne ƴar ƙwallo mai yawo bisa ruwa cikin shato. In ruwa ya ɗaga ta sai ta kashe inji. Ba ta san lokaci ba, ruwan take aunawa. Fitila ma haka. A Tasawa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a Nuwamba, wajen ƙarfe 7 a Yuli. Agogo kaɗai sai an yi ta gyara shi. Amma pano da kansa ido ne: da wutarsa ta yanke, an san duhu ya yi.

In aikin jira ne gajere, sau ɗaya, daga daƙiƙoƙi zuwa ƴan mintoci, a ra'ayina a tsaya ga kayan ɗai-ɗai. Ko tsawa ta ƙone su da damina, ko zanzaro ya yi gini ciki, ran kasuwa mai zuwa an gyara.

In kuwa aikin ya ƙunshi "in kaza, to kaza" har sau uku ko huɗu, ko lokacin ya kai awoyi, ƴar ƙwaƙwalwa ta fi. Dubi tsaron batir. Batir shi ne mafi tsada cikin abubuwan da ke mutuwa a kayan rana. Na dalma in ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ba ya daɗewa. Regilater ɗin da ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa, dukiyarka yake tsaro. Mutane da yawa suna jin haushinsa, su tsallake shi su ɗaura waya kai tsaye don a ƙarasa kallon ƙwallo. Bayan ƴan watanni sai ga su wurin mai sayar da batir. Dubi kuma injin da ke can ƙasan rijiyar burtsatse. Ruwa ke sanyaya shi. In ya yi ta juyawa babu ruwa sai ya ƙone, fito da shi da sayen wani kuwa yana iya cinye asusun gari kaf. Akwatin zamani yana jin ruwa ya ja baya, ya tsaya, ya jira, ya gwada, in bai samu ba ya sake jira. Yana kuma daidaita gudun inji da ƙarfin rana, daga hantsi har la'asar. Wannan aiki ya fi ƙarfin tasa mai huji.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da mai ƙulli: wanda ya rubuta masa umurni shi yake yi wa biyayya. Wani kamfani mai suna M-KOPA, wanda aka kafa a Kenya a 2011, ya shahara da sayar da fitilun rana bashi, ana biya kaɗan-kaɗan ta wayar salula. Ƴar ƙwaƙwalwar da ke ciki tana ƙidaya kwanakin da ka biya. In sun ƙare sai ta kulle fitila, ko da batir a cike yake. Kwantar wutar da ake sa wa kati ma haka take. Wannan ya sa talakan da ba zai iya biya gaba ɗaya ba ya sami haske, kuma ba laifi ba ne. Amma kafin ka karɓa, ka tambaya: in na gama biya, za a buɗe mini ita har abada? In mai kamfani ya rufe shago, wa ke da mabuɗi?

Irin tambayar da kwamiti zai yi wa mai haɗa kaya ke nan, tun kafin kuɗi su fita. Akwatin nan, ana samun irinsa Maradi, ko sai an aika waje? In shi ya haɗa shi da kansa, to ya bar kwafin umurnin, ya kuma bar ƴar ƙwaƙwalwa ta biyu wadda aka riga aka yi wa rubutu, a ajiye ta wurin ma'aji cikin leda. Maradi tana da makarantar koyon sana'a ta Ɗan Kasawa, tana da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. In umurnin yana hannunku, ana iya samun ɗan gida da zai sake zuba shi. A nemi ya sa maɓallin hannu, don in mai tsaron lokaci ya rikice a iya tayar da inji, wani ya tsaya kansa, kafin gyara ya zo. A kafa ƙarfen da ke kai tsawa ƙasa. A rataye akwati a inuwa, a toshe hujojinsa da raga saboda ƙadangare da tururuwa. Lokutan da aka saita kuma a rubuta su da Hausa, a manna takardar cikin murfin akwati.

Saura ɗan abu guda. Akwatin da ke aiki da agogo yana da wani ɗan batir a ciki, yawanci mai faɗi kamar tamma, wanda ke riƙe masa lokaci in wuta ta tafi. Yana yin ƴan shekaru sa'an nan ya mutu. Ran da ya mutu, agogon yana mantuwa, ya koma farawa daga sifiri, sai ka ga fitila tana ci da tsakar rana, da dare kuma duhu. Kafin a ce akwati ya lalace a aika Yamai, a buɗe a duba wannan batir. Lambarsa tana rubuce a bayansa, kuma masu sayar da agogo suna da irinsa.